Shekarar da Na Koma Hannun Hagu

Hassana da Husaina, ku biyu nake rubuta wa wannan. Na ji abin da kuke faɗa wa ƙawayenku na islamiyya, wai Yaya Ummi ta kayar da Hajiya Kaka a gaban Baba da wata na'ura. Ba haka aka yi ba, kuma ba na son ku girma da wannan labarin a bakinku. Kuna cikin gidan aka yi komai, amma rabi kuka gani, sauran a bakin maƙwabta kuka tsinta. Za ku ga rubutun nan yana karkacewa, wani wurin ya hau, wani wurin ya gangara. Ku yi haƙuri da shi, da hagu nake yinsa, kuma har yanzu idan babbar mota ta wuce ta bayan gida sai na ajiye biro na jira ƙirjina ya lafa.

Shekarar da na gama sakandare muka je suna a garin Yana, ni da Umma. Ita ta kwana a can, ni aka sa ni a mota na dawo Azare saboda ku. A hanya tayar gaba ta fashe. Ba na tuna juyawar motar. Ƙarar nake tunawa, sai shiru, sai na ga takalmin wata mata a kan ƙirjina, ina ta tunanin ya kamata in mayar mata da abinta. Hannuna na dama yana ƙarƙashin ƙarfen kujera. A asibiti sun yi iya ƙoƙarinsu, Allah ya saka musu, ba a kai ga yanke hannun ba. Amma yatsu uku sun sandare, ba sa lanƙwasuwa. Babban yatsa da manuni ne kawai ke motsi, su ma da rawa, kamar na tsohuwar da ke jin sanyi. Bayan an sallame ni na daina shiga mota, na daina hawa acaɓa, ko keke napep ban yarda da shi ba. Idan wani ya buga ƙofar gida da ƙarfi sai in tsinci kaina a tsugune bayan randa ban san lokacin da na je ba. Kun sha yi mini dariya a kan wannan, ban riƙe ku ba, ni ma da zan ga kaina da na dara.

Kafin hatsarin na samu gurbi a karatun share fage na kwaleji, ɓangaren lissafi, don in zama malama. Lissafi ne kaɗai abin da na taɓa yi a duniya aka ce na fi wasu. To amma lissafin wannan matakin cike yake da zanen giraf, wato layin da ke nuna yadda wata lamba ke hawa ko sauka idan wata ta canza. Zanen nan hannu biyu yake so, ɗaya ya danne rula, ɗaya ya ja fensir, a ɗiga ɗigo a kan ƙananan gidajen takarda ba tare da an kauce ba. Na gwada a ɗaki. Fensir ya yi ta suɓucewa, rula ta yi ta zamewa, na ɓata takardu har Umma ta kwashe ta hura wuta da su. Baba ya ga haka ya yanke shawararsa. Ya ce idan Goggo Asabe, yayarsa, ta zo daga Dagauda bayan an gama girbi, za ta tafi da ni in zauna wurinta shekara guda, inda babu ƙarar mota, in huta. Da kyakkyawar niyya ya faɗa. Amma na san gurbin makaranta ba ya jiran mutum, kuma na san kaina. Idan na tafi na saba da shirun can, ba zan ƙara dawowa ba.

Kawu Sani, ƙanin Umma, wanda ke aiki da masu awon filaye a Kano, shi ya kawo kalkuletar, wato na'urar lissafin da kuke magana a kanta. Ba irin ta masu shago ba ce. Ta fi tafin hannu tsawo, tana da gilashi babba a sama, madannai kuwa kamar an zuba wake a faranti. Ya ce idan aka rubuta mata lissafi ita za ta zana layin da kanta. Shi ne kuma ya je ya samu Malama Rabi, wadda ke koyar da lissafi a ajin da zan shiga, ya yi mata bayanina. Ta ce ta yarda in yi aikin aji da ita a madadin rula da fensir, amma da sharaɗi. Sai na zauna a gabanta na sarrafa ta da kaina, ta tabbatar ni ke tuƙa na'urar, ba ita ke tuƙa ni ba. Kawu ya nuna mini abu biyu uku a tsaye, direbansu yana ta danna masa ham a ƙofar gida, ya tafi ya bar ni da ita da wani littafin bayani mai kauri da ƙananan rubutu.

Ba zan ɓoye muku ba, tsoronta na fara ji. Kowane madanni aiki uku yake yi. Akwai abin da aka rubuta a jikinsa da fari, akwai na samansa da shuɗi, akwai wani da kore, kuma kafin ka samu na shuɗin sai ka fara danna wani shuɗin madanni da ke can gefe, ka sake shi, sannan ka danna wanda kake so. Alamar ɗebewa ma iri biyu ce, ɗaya ta cire wannan daga wancan, ɗaya ta lambar da ke ƙasa da sifili, kuma da ido kusan ɗaya suke. Ka sa wannan a wurin waccan, sai ta watso maka rubutu cewa akwai kuskure. Manunina na dama kuwa idan na aike shi kan madanni ɗaya sai ya taka biyu. Duk lokacin da rubutun kuskuren nan ya fito sai in yi sauri in goge komai gaba ɗaya in sake daga farko, kamar wadda ta yi ɓarna tana son ɓoyewa kafin a shigo.

A nan Hajiya ta shigo maganar, kuma a nan nake son ku natsu. Ku ba ku sani ba, ni bahaguwa aka haife ni. Da hagu na fara kai loma baki. Hajiya ce ta ɗauke ni ɗakinta, tunda sunanta aka sa mini, shi ya sa ma kowa ke kirana Ummi ita kuma take ce mini takwara. Idan za a ci abinci sai ta ɗaure mini hannun hagu da ɗankwalinta a bayana, ta zauna tana yi mini waƙa har in cinye da dama. Haka ta yi har na saba. Tana alfahari da wannan aiki nata fiye da yadda kuke zato, ta sha faɗa wa baƙi cewa ita ta gyara ni. Bayan hatsarin kuma ita ce kullum da safe take zaunar da ni a kan tabarma ta murza mini yatsun nan da man kaɗanya, ɗaya bayan ɗaya, tana addu'a a hankali. Wata rana da hantsi ta ga na miƙa hagu zan danna kalkuleta, sai ta buge hannun da carbinta.

“Takwara, me zan gani?”

“Hajiya, damar ce ba ta tsayawa wuri ɗaya.”

“Sai ki tsayar da ita. Da dama ake ci, da dama ake karɓa, da dama ake riƙe alƙalami. Ilimi za ki ɗiba da hannun da ake tsarki da shi?”

Na ce mata ai wannan ba allo ba ne, na'urar lissafi ce. Ta ce ita ba ta san wani ilimi da ba na Allah ba. Na koma dannawa da dama.

Da damar na je wurin Malama Rabi karon farko. Da ƙafa na tafi tun da sanyin safe, ina bin gefen kwata, nesa da kwalta. Ta karɓe ni a ofishinta, mace ce doguwa mai tabarau, ba ta da yawan fara'a amma ba ta da faɗa. Ta rubuta mini lissafi a takarda ta turo. Na fara dannawa, na kai rabi, sai wani babur ya yi tusa a waje, irin ƙarar nan mai kama da fashewar taya. Yatsana ya faɗa kan madannin da ke goge komai. Gilashin ya koma fari fat. Na zauna ina kallonsa, na kasa ɗaga hannu, sai hawaye ke ɗiga a kan hijabina. Malama ta bar ni har na gama, sannan ta turo mini ruwa a kofi.

“Ba zan ce kin iya ba, don ban gani ba,” in ji ta. “Ba kuma zan ce ba ki iya ba. Ki koma. Ki dawo sau ɗaya kafin a rufe ɗaukar ɗalibai. Daga shi babu wani.”

A hanyar komawa gida na yanke abin da zan yi. Ban yanke shi da fushi ba, da tsoro na yanke shi, don na ga Dagauda ta matso kusa. Kullum bayan azahar Hajiya takan je duba wata ƙawarta da ke kwance a unguwar gaba. Da ta fita sai in zauna bayan madafi, inda inuwar darbejiyar maƙwabta ke faɗowa, in kwantar da kalkuletar a tafin hannuna na dama. Yatsun nan uku da suka sandare sai suka zama kamar an ƙera su don wannan, suka tallafe ta ba ta zamewa. Hagu kuma ya hau dannawa. Wallahi abin ya ba ni tsoro yadda ya kama da wuri, kamar mutumin da aka kulle shekara da shekaru aka buɗe masa ƙofa ya tarar bai manta hanyar kasuwa ba. Babban yatsana ya gane inda shuɗin madannin yake ba sai na duba ba. Na gane alamar ɗebewa ta gefe daban, ta ƙasa daban. Abin da ya fi komai yi mini amfani shi ne wasu madannai huɗu masu kibiya. Ashe idan ta ce akwai kuskure ba sai an rushe komai ba. Da kibiya ake komawa baya a hankali har a iso kan harafin da ya ɓaci, a cire shi kaɗai, a sa na daidai, sauran aikin yana nan. Ranar da na gano wannan na daɗe zaune ina komawa baya ina dawowa gaba ba don komai ba, sai don daɗin ganin babu abin da ya ɓace.

Ba a daɗe ba asirina ya tonu. Ƙawar Hajiya ta samu sauƙi an kai ta gidan 'yarta, Hajiya ta dawo da wuri ta same ni tsamo-tsamo ina dannawa da hagu. Ta jira har Baba ya dawo daga kasuwa bayan la'asar, ƙurar gero duk a rigarsa, ta sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta ce a kira ni. Kuna leƙe ta labulen ɗakin Umma, na gan ku.

“Ka ga 'yarka,” ta ce da shi. “Aikin da na yi tun tana rarrafe, wani ƙarfe ya zo ya warware shi a wata ɗaya.”

Baba ya sunkuyar da kai. Kun san shi, bai taɓa mayar wa Hajiya magana ba, ko a kan gishirin miya ne.

Na ce, “Hajiya, na gwada da dama, na je na ji kunya a gaban Malama. Ki yafe mini, ba raini ba ne.”

“Ni na ce raini ne?” in ji ta. “Ke yarinya ce. Hannun da aka daina aike, mutuwa yake yi. Kina komawa hagu kin sallama wannan ke nan. Gobe a ce jikar Hajiya mai hannu ɗaya. Ni kullum ina murzawa ina roƙon Allah, ke kina bayan madafi kina binne shi.”

Sai a lokacin na gane ba maganar tsarki ce ke cinta ba. Kuma ku sani tana da gaskiya a wani ɓangaren, don a asibiti ma sun ce in riƙa motsa shi. Baba ne ya ɗago ya ce in nuna masa abin da nake yi da na'urar, shi bai taɓa gani ba. Na durƙusa a gabansa, na kwantar da ita a dama, na rubuta lissafi da hagu, na danna madannin zane. Gilashin ya fito fari, babu layi, babu komai.

“To,” in ji Hajiya. “Ga albarkar hagu nan.”

Baba ya karkata kai ya leƙa. “Ummi, ni dai ban ga komai ba.”

Yatsana ya nufi madannin gogewa da kansa, na janye shi. Na karanta abin da na rubuta, babu kuskure. Sai na tuna ɗazu na matso da gilashin kusa sosai ina duba wani lungu na wani zanen daban, ban mayar da shi ba. Gilashin nan kamar taga yake, iya inda aka saita shi yake nunawa. Na shiga wurin saitin, na faɗaɗa shi hagu da dama, sama da ƙasa, na sake dannawa. Sai ga layi ya taso daga gefe ɗaya a hankali, ya hau, ya lanƙwasa, ya gangara ɗaya gefen.

“Ikon Allah,” in ji Baba. “Ƙwarya ce a kife.”

Na cire alama ɗaya na sake dannawa, ƙwaryar ta juyo sama. Baba ya yi dariya, ya ce yanzu kam za a iya zuba mata fura. Ya daɗe yana kallon hannayena, ba gilashin ba. Sannan ya juya wurin Hajiya, ya rage murya.

“Hajiya, ki duba mini, idona ba ya gani sosai. A wane hannu abin yake?”

“Kai ma ka gani. A dama yake.”

“To ai damar ce ke ɗauke da ilimin. Hagun ɗan aike ne kawai. Kuma ga shi nan tana aiki, ba ta zauna ba.”

Hajiya ta dube shi tun daga hula har ƙafa.

“Wayon 'yan kasuwa za ka gwada a kaina? Ni na haife ka fa.”

Ta dafa ƙasa ta tashi ta shige ɗakinta ta saki labule. Wannan shi ne abin da kuka gani kuke cewa an kayar da ita. Babu wanda ya kayar da kowa. Baba ya zauna kamar wanda aka yi wa rasuwa, don ranar ce ta farko da ya kauce wa maganar mahaifiyarsa, kuma saboda ni. Da ya tashi abin da ya ce kawai shi ne, in yi da hannun da ya sauwaƙa, idan Malama ta karɓe ni in zauna, idan ba ta karɓa ba in bi Goggo ba tare da gardama ba. Na ce na yarda.

Na koma wurin Malama Rabi. Ta ga hannun da nake dannawa da shi, ko gira ba ta ɗaga ba. Ta ba ni lissafi, na rubuta, na kai yatsa zan danna zane sai ta ɗora bironta a kan gilashin.

“Tsaya. Kafin ta faɗa miki, ke faɗa mini. Me zai fito?”

Na ce zai fito a kife, zai ratsa layin kwance a wuri biyu, ɗaya kafin sifili ɗaya bayansa, na faɗa mata dalili. Ta ɗauke biron, na danna, ya fito yadda na ce. Ta ba ni wani mai wuya. A tsakiyarsa rawar jiki ta zo mini ba tare da wata ƙara ba, haka take yi wani lokaci, na taka madanni biyu, rubutun kuskure ya fito. Na ce Malama ta ɗan ba ni lokaci. Na ajiye numfashi, na bi kibiya na koma baya, na cire abin da ya ɓaci, na ci gaba daga inda na tsaya. Da na gama ta cire tabarau ta goge da gefen mayafinta.

“Ranar Litinin ake fara aji,” in ji ta. “Ki zauna a gaba, nesa da taga.”

Na dawo gida na faɗa wa Umma da Baba. Na je ƙofar Hajiya na durƙusa na faɗa mata, ta ce “Madalla” daga ciki, ba ta ɗaga labule ba. Tun daga ranar ba ta ƙara kirana takwara ba, Ummi take cewa kamar kowa. Ku ba ku lura ba, ni kuwa kowace safiya sai na ji shi a ƙirjina. Wannan shi ne abin da karatun ya ci mini, kuma ban san ko zai dawo ba.

Goggo Asabe ta iso bayan girbi kamar yadda aka shirya, don babu wanda ya iya aika mata cewa an fasa. Ta shigo da buhun gyaɗa da fara'arta, tana cewa ta share mini ɗaki, ta saya mini sabuwar katifa, har ta faɗa wa matan Dagauda tana kawo musu mai karanta musu saƙon waya. Baba ya fara kame-kame, yana tambayarta hanya, yana tambayarta amfanin gona, don ita ma yayarsa ce, ba ya iya ce mata a'a kai tsaye. Umma ta shige madafi. Ni ina tsaye da buta a hannu, na san idan Goggo ta matsa, Hajiya kuma ta goya mata baya, maganar Malama ba za ta tsaya a gidan nan ba. Sai labulen Hajiya ya motsa. Ta fito ta zauna a bakin ƙofarta tana jan carbi, ba ta dubi inda nake ba.

“Asabe, ki sha ruwa ki huta,” ta ce. “Katifar ki ba wa wata a can. Wannan bahaguwar ba inda za ta, tana da aji da safe.”

Goggo ta buɗe baki za ta yi magana, Hajiya ta ɗaga mata hannu.

“Ni ban ce na ji daɗi ba. Na ce ba inda za ta.”

Wannan nake so ku riƙa faɗa idan an tambaye ku, ba waccan maganar ba. Ranar da zamana ko tafiyata ya rage a bakin mutum ɗaya, Hajiya ce, da ranta a ɓace, ta ce in zauna.